Maƙeri a Ƙofar Ɗakin Gwaji

Shekara arba'in ina dukan ƙarfe a Marwa.
Na san kukansa in ya yi ja, na san shirunsa in ya huce.
Ban taɓa jin yana da rumbu a jikin mutum ba
sai ranar da likita Asta ta ɗora yatsa kan takarda.

Feritin, in ji ta.
Na mai lafiya bai cika wuce ɗari uku ba.
Na Uwani dubu tara da ɗoriya.

Na ce, ni na ja mata?
Tun tana rarrafe take wasa da kashin maƙera.
Likita ta girgiza kai:
Baba, wannan hayaƙi ne kawai,
wutar tana can ciki.

An nemi zazzaɓin sauro, babu.
An nemi taifot, babu.
Kwana goma sha uku jikinta kamar gawayin da aka zuga,
yatsun ƙafarta biyu sun yi shuɗi,
fitsari ya ɗauke
kamar Mayo Kaliyawo da bazara, yashi zalla.

Wai garkuwar jikinta ce ta juya mata,
karen gida ya manta warin mai shi.
Jini na daskarewa a ƙananan jijiyoyi,
ƙoda, fata, har huhu,
duk a mako guda, ba sallama.

Ni da taurin ƙarfe bai taɓa gagara ba,
ga gudan jini bai kai ƙwayar gero ba
ya zaunar da ni a benci.

Allurar tsinka jini safe da yamma.
Garemani talatin da na ƙera wa damina
na karyar da su a kasuwa,
sefar ta ƙare a tagar kantin magani
kafin la'asar.

Jiya aka sake ɗiba.
Dubu huɗu.
Uwani ta buɗe ido, ta nemi kunun gyaɗa,
ta yi mitar babu tsamiya.
Uwarta ta fita baranda tana dariya da hawaye,
tana kiran dangi har Kuseri.

Ni ban tashi ba.
Na ninke takardar, na sa a aljihu kusa da goro.
Akwai tabo a tafin hannuna tun ina ɗan koyo:
ƙarfe in ya daina ja,
ba hucewa ya yi ba.