Sulallan Ɗanba'u

Don zinari na sayo na'urar,
da kuɗin raguna biyu da bashin ƙanena.
Da daji ya ƙi shiguwa, na rataye ta a zaure,
shekara guda gizo-gizo na saƙa a kunnenta.

Wata Laraba, bayan ruwan farko,
na sauke ta, na nufi bayan tashar jirgi,
nan Ƙaura, inda dogo ya zo ya tsaya
kamar maganar da aka katse.
Ƙasa ta yi laushi.
Ina lilo da faifan bisa ciyawa,
yara na bi na suna dariya.

Ta yi kuka: ƙusa.
Ta yi kuka: marfin kwalba.
Ta sake: guntun sarƙar sikelin gyaɗa.
Sai anini guda, hudarsa cike da laka,
na hure, na kanga a ido,
na ga rabin gari ta ciki.

La'asar sakaliya na kai kangon gidanmu na da,
inda aka ce maƙerar kakana take,
Ɗanba'u, wanda ban riska ba.
A gindin tsamiya na'ura ta rikice,
kuka take ba numfashi.
Kamu biyu na haƙa, dagi ya taɓa tukunya.

Sulalla talatin da bakwai, sun yi toka-toka,
kan sarkin Turawa a wannan gefe,
itacen kwakwa a wancan.
Zuciyata ta riga ni zuwa kasuwa.
Na jefa ɗaya kan dutse, yadda tsofaffi ke yi,
ina jiran amon azurfa.
Bai ce ƙwal ba.
Na sa haƙori, haƙori ya shiga.
Dalma ce. Jabu ne, har na ƙarshensu.

Can ƙasa, cikin ruɓaɓɓiyar fata,
ga yumɓun zubi, ɓari biyu kamar goro,
sarkin a ciki ya juya ƙeya,
rubutun na tafiya da baya.

Inna Tumba takan ce mana,
"Kakanku gabas yat tafi, da ƙafa,
shekara bakwai bai komo ba."
Muka tashi muna kiransa Alhaji.
Ba wanda ya tambayi ina dabinon, ina zamzam,
ko me ya sa masu yi masa wanka
suka ga tabo ya zagaye idon sawunsa.

Na kai wa Malam Na'iya, wanda ya haura casa'in.
Ya shafa sulen da babban yatsa,
ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ina yaro, shekarar da fara ta cinye gero,
da wanga unguwarmu ta biya haraji.
Da dare mai karɓa ya ƙirga, a hasken aci-balbal.
Sai da kuɗi sunka kai baitulmali anka gane.
Anka tara maza cikin rana, anka ce wane ne?
Kakanka ya miƙe tun ba a daki kowa ba,
ya ce a bari ya kashe wutar maƙera tukuna."

Maƙau, dillalin kayan da, ya zo daga Gusau.
Ya ce na gaske sun yi yawa, kowa na da su,
jabun ake nema, zai biya ninki biyar.
Bashin ƙanena na nan, raguna ba su dawo ba.
Na ce ya komo jibi.

Daren nan na jera su kan tabarma.
Kunnen sarkin ya fi na gaske girma,
a kowane sule kuskuren guda ne.
Na juya yumɓun a gaban fitila,
a bayansa ga shatin yatsa,
tun yumɓun na ɗanye aka danna shi.
Na ɗora nawa a kai.
Nasa ya fi faɗi.