Farin da Ke Tsakanin Layi Biyu

Fayil ya iso ofishina ɗaure da jan zare,
shafi dubu da ɗari biyu da ɗoriya.
Ruwan Leeds na dukan taga tun safe,
shayina ya huce, ban ko kurɓa ba.

Ni ba likita ba ce,
amma na koyi bin zazzaɓi a kan takarda
yadda maharbi ke bin sawu a jiƙaƙƙiyar ƙasa.
Shafi na ɗari huɗu da sha bakwai:
ƙarfe biyu da minti goma na dare, an auna, an sa hannu.
Ƙarfe huɗu da arba'in, an auna, an ƙwalla kiran agaji.
Tsakaninsu fari fat.
Ta cikin farin nan Desmond Ormerod ya sulale.

Matarsa Hilary ta zo da jakar leda,
ciki da tabaraunsa da silifas ɗin da ta kai masa.
Na yi mata lissafin da doka ta iya:
fansho kaza, sauran shekaru kaza,
ladan wanda zai riƙa yanke ciyawar bayan gida.
Ta bari har na kai aya, sannan ta ce,
"Ba farashinsa na zo ji ba.
Ya kira wani? Ya san ba na wajen?"
Na duba shafin. Shafin bai tanka ba.

Ranar Talata na ɗora hular gashin doki, na yafa baƙar riga,
na ɗaga farin nan gaban alƙali:
awa biyu da rabi, ya mai shari'a.
Kafin rana ta raba asibiti ya sauko,
ya biya, ya haɗa da wasiƙar ban haƙuri mai layi biyar
wadda wani lauya irina ya tace, ya sake tacewa.

Ranar Alhamis, jirgin ƙasa zuwa Manchester.
Can babu hula, babu riga,
sai mutum uku a bayan tebur da butar ruwa.
Dakta Anwen Pritchard, shekara ashirin da takwas,
ta cinye farcenta har ya kai tsoka.
Wani asibiti ne, wani dare, wani gado.
Ɗakin jinya shida a wuyanta ita kaɗai,
na'urar ƙugunta ta yi kuka sau sittin da ɗaya.
Ita ma nata shafin yana da fari,
sai dai da gari ya waye ta ɗauki biro
ta cike shi da lokacin da ba ta je ba.

Na ce mata, ba mutuwar ce ta kawo ki nan ba, biron ne.
Ramin ƙarya ƙurarre ne, kin riga kin taɓo ƙarshensa;
ki faɗa da bakinki kafin a faɗa miki.
Amma ina kike a lokacin?
Ta ce, "Hawa na biyar, ina danna ƙirjin wata tsohuwa.
Ta rayu."
Fayil ɗin tsohuwar babu wanda ya ɗauro shi da jan zare.

An dakatar da ita wata huɗu.
Ta yi mini godiya sau uku a bakin lif,
ban san me zan yi da godiyar ba.

Ɗana ya taɓa tambayata wane ɓangare nake.
Na ce ni kamar tasi ce a tasha,
wanda ya fara buɗe ƙofa shi nake ɗauka.
Bai gamsu ba. Ni ma dai haka.

Jirgi ya shige ramin dutse, taga ta zama madubi.
Na ciro takardar da nake rubuta awoyin aikina,
na ga daga biyar saura zuwa biyar da rabi babu komai:
ina zaune a bencin tasha, ina jin muryar Hilary.
Biro na hannuna.
Na mayar masa da murfinsa.