Ina Muke, Ɗan Nan?

Benlin Baba ya girme ni da shekara huɗu.
Shi ya ɗauko ungozoma daren da na zo duniya,
shi ya yi ta jidar gyaɗa zuwa Gujungu
har bayansa ya zauna, kamar jakin da kara ya gajiyar.

Shokozoba ta mutu ba a yi mata zaman makoki ba.
Mai ya tsiyaye, sifirin ya kwanta,
taya tana lasar madigadi,
rami ko na gyare ne sai ka ji shi a haƙori.

Yanzu Baba ba ya tuƙi.
Yana ta rufe idon dama, na hagu na bin sawu.
Duk wata nakan goya shi asibitin Jahun,
ya sauka dafe da ƙugu, bai ce uffan ba.
Shirun nan ne ya sayar da jar akuyata.

Tsalha bakanike, a gindin ɗorawa,
ya jiƙa noti da kananzir tun hantsi.
Ya ce, "Wannan tun zamanin kwabo aka ɗaure shi,
ba ya jin faɗa, sai lallashi."
Ya kawo sababbi biyu, na wani babur daban,
ƙofa ta ƙi ƙusa, sai da magagari ya shiga tsakani,
ya yanko roba daga tsohuwar taya ya cike giɓi.
Ya danna da gwiwa.
Babur ya rusuna, ya miƙe,
kamar saurayi a zauren surukai.

Kujera kuwa Ilu baduku na kai wa.
Da ya farke leda, gefen soso ya zube kamar dusa,
amma kwarmin zaman Baba na nan a tsakiya,
akushin da shekara arba'in suka sassaƙa.
Ilu ya ce, "In yar?"
Na ce, "Ɗora sabo a kai, bar wancan a ƙasa."
Ya lulluɓe da jar fata.
Wa ya sani ko ta akuyata ce.

Talata muka kama hanya.
Muka wuce karyayyen kwalbati, shiru.
Muka wuce gargadar bakin fadama, shiru.
Ina ta baza kunne in ji madalla,
sai hannunsa ya damƙi rigata:
"Ina muke, ɗan nan?"

Ashe da ƙugu yake karanta hanya.
Tsalle uku a jere, gonar Nomau ke nan,
girgiza mai tsawo, an kusa tsamiya.
Na sayo masa sauƙi,
na wanke masa allo.

Na rage wuta.
Na ce, "Baba, ga tsamiya a dama, ta yi 'ya'ya.
Kududdufi ya cika, yara na wanke keke.
Ga gonar Nomau, bana kankana ya zuba."
"Kankana? Nomau da son kuɗi!"
Dariyarsa ta bi ƙashin bayana,
ita kam babu sifirin da ya tare ta.

Tun ranar bakina ne ramukan hanya,
ina faɗa, yana gyara mini sunaye.
Sai dai akwai wani rami a ƙofar masallacinmu,
mai zurfi, wanda kowa ke kauce wa.
Ni ba na kauce masa.
Nakan shiga da gangan, a hankali,
in yi shiru,
don ya ce da bakinsa:
"To, mun iso."