Yatsa Huɗu

Na sayar da ayar bana, buhu ɗari da 'yan kai,
na biya bashin taki, na sallami 'yan dako.
Abin da ya saura na ƙulle shi a lalita
na nufi garejin Nayusa, bayan babbar kasuwa,
inda babura biyu suka sauka daga Kwatano,
tsatsar iskar teku ba ta bar sharɓarsu ba.

Na Amurka baƙi ne wuluk, ya zauna ƙasa-ƙasa
kamar bijimin da ya ƙoshi da harawa.
Nayusa ya murɗa makulli,
kwanon rumfa ya kama ɓari,
mai shayi ya dafe kofunansa.
Ni a haƙarƙari na fara jin sa, kafin kunne,
irin rugugin nan da ke tasowa ta Madarunfa
ranar da manomi ya fara fid da tsammani.

Na Ingila kore ne, siririn ƙugu.
Ba ya ɗaga murya.
Maganarsa ta tsohon malamin asibiti ce
wanda ya san ciwonka tun kafin ka zauna.

Na hau baƙin zuwa Tibiri.
A kan kwalta, wallahi,
shekaruna hamsin da bakwai suka dinga zuba
kamar aya daga hudajjen buhu,
ban ko waiwaya in tsince su ba.
Sai da na ratse cikin yashin gulbi
ya kwanta da ni, ya ce nan zai kwana.
Samari huɗu masu ban-ruwan tumatir
suka bar bokitansu suka ɗaga mu.
Ɗayansu na cewa, "Sannu, Baba,"
dariyarsa na leƙowa ta hannun riga.

Koren ya ratsa yashin nan
kamar jar akuyar garinmu ta hango dusa.
Sai dai da na tsaya, na kai ƙafa ƙasa,
gwiwata ta hagu ta gaishe ni da sunana.

Zabairu bakanike ya goge hannu da tsumma.
"Dukansu baƙi ne, Malam Rabe.
Ran da ɗayansu ya yi tari
wata uku za ka yi kana jiran kwali.
Ga irin na 'yan kabu-kabu,
ko mai ƙosai ka tambaya, tana da filoginsa."
Na ce masa shekara talatin ina hawan jaki,
yau doki na fito nema.

Tsahara ba ta tambayi ƙasar kowannensu ba.
Ta ce, "A ina zai kwana?"

Da la'asar na ɗauki igiyar guga,
na koma gareji, na auna ƙahonsu,
na ƙulla ƙulli biyu, na dawo Bagalam.
Ƙofar zaurenmu mahaifina ya tsayar da ita
daidai faɗin kekensa da dami ɗaya na gero.
Na miƙa igiya daga dogari zuwa dogari.
Koren zai shige, har da wurin kaza a gefe.
Baƙin ya fi ƙofar da yatsa huɗu.

Na ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare.
Ƙofa ta yanke abin da na kasa yankewa.
Na ci tuwo, na ƙara miya,
na gaya wa Tsahara gobe kore zai shigo gidan nan.
Ta ce Allah ya sa alheri.

Ban yi barci ba.
Can wajen ƙarfe uku wata babbar mota
ta wuce ta hanyar Ɗan Isa,
na ji ta a haƙarƙari.

Da na fito masallaci da asuba
ƙafata ba ta bi hanyar gareji ba.
Na tsinci kaina a ƙofar Ila magini,
igiyar guga a aljihuna.
Bayan gaisuwa, da tambayar iyali,
da maganar tsadar siminti,
na ce, "Ila, tambaya ce kawai.
Tsohon bango irin na ƙasa,
in aka rage masa yatsa huɗu,
yana jin zafi?"