Alƙalamin Malama Oltmann

Muna aji huɗu, shekara goma-goma,
Malama Oltmann ta raba mu da alƙalami.
Wiebke, Gymnasium. Ni, Realschule.
Tashar bas ɗaya a Emden,
ita ta bakwai da kwata, ni mai bi mata.

Ta ci gaba da haddar Latin har aji sha uku.
Ni na sauka a goma,
na kama koyon burodi,
kwana uku cikin fulawa, biyu gaban allo.

Daren shagalin Abitur
ta shigo da asuba, takalmi a hannu.
Na miƙa mata mai zafi.
Ta hura, ta gutsura,
ta zube kuɗi:
"Hauke, ƙirga, ka fi ni lissafi."

Saura santi ashirin.
Na ce sun cika.