Tafinta a Idi-Araba

Ni ce tafinta ranar.
Yarbancin Inna na ciniki ne,
na tattasai da albasa a Mil Sha Biyu,
bai kai zancen zuciya ba.

A gadar Oshodi sau uku tana tsayawa,
hannu a ƙirji, wai zafin gari ne.

Likita Morenike ta ɗaura mata awo a damtse,
ta latsa ƙafar da ta kumbura,
ta ce in tambaye ta: ciki nawa?

Na amsa da kaina. Huɗu.
Ni, Sagiru, Tanimu, sai auta Balaraba.
Likita ta girgiza kai: ba 'ya'ya na ce ba, ciki.

Na mayar da maganar Hausa.
Inna ta kalli fankar da ke juyi a sama,
ta daɗe.
Sai ta shimfiɗa tafi a kan cinya,
ta ƙaro yatsu biyu daga ɗayan.

Ɗaya kafin ke, wata uku, a ɗakin haya a Ijora,
shekarar da ruwa ya shigo har gado.
Ɗaya bayan Sagiru.
Na ƙarshen ya kai wata takwas, namiji,
babanku ya fita da shi da asuba
kafin ku tashi.

Shekara ashirin da shida ina cin tuwon hannunta
ban san da su ba.

Likita ta ce, gaya mata ba laifinta ba ne.
Ciki yakan gwada jijiyoyin mace,
wanda ya zube kan bar saƙo
da ba a buɗewa sai furfura ta fito.
Ba kowa ba, ba hukunci ba ne,
amma da an tambaya, da tuni ana bibiyar jininta.

Na fassara, harshena yana tuntuɓe.

Inna ta ce, wa zai tambaya?
An ce Allah ya kawo rayayye,
aka dama mini kunu,
kwana uku na koma kasuwa.
Ta dafa ƙirji:
kowannensu nan ya bar takalminsa.

A danfo cunkoson Mushin ya riƙe mu.
Ƙwayoyi a leda, an rage gishiri, an hana magi.
Ta yi barci a kafaɗata.
Na ɗora yatsu biyu a wuyan hannuna ina ƙirgawa,
ina tuna nawa na bara, wata biyu,
wanda ko ita ban gaya wa ba.

Ranar Laraba za mu koma.
Kati biyu zan yanka.