Ƙofar Maɓalli

Shekara talatin da ɗaya ina ci da allura,
shagona na Dilimi shaida ne.
Na huda shadda, na huda kaki,
ban taɓa tambayar ƙyalle ko da zafi ba.

Yau ga ni a asibitin Lamingo, Litinin da Alhamis,
hannun hagu a shimfiɗe kamar yadin da ke jiran almakashi.
Tasu ba allura ba ce, basilla ce,
kuma biyu suke tafe:
ɗaya ta kai jini wanki, ɗaya ta dawo da shi gida.
Na buga lissafi a bayan katina,
ɗari biyu da takwas a shekara,
ban da ranar da jijiya ta zille aka sake lalube.

Sukar ba ta kai jiranta ciwo ba.
Tun daren Lahadi tuwo yake tsaya mini a wuya.

Sista Kangyang ce ta gano ni.
Ta ce, Baba Sallau, wannan cije baki fa?
Ƙoda muke jinya, kada ka haɗa mana da haƙori.
Ta ɗauko ƙanƙara a ƙullin leda,
ta cusa tsakanin babban yatsa da manuni,
a hannun dama, wanda ba ruwansa.
Na ce, yarinya, a garin nan,
da sassafe, ga hazo ya rufe duwatsun Shere,
ƙanƙara za ki ba tsoho?
Ta ce, riƙe dai. Ja numfashi. Yi mini tari ɗaya.
Na yi tari.
Ina jiran ta soka, ashe har ta manna filasta.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji.
Amma jin ƙaya daban, jin mashi daban.

Akwai wani mai da ke sa fata barci,
kuɗinsa ɗinkin kaftani uku.
'Yata Hajjo ta sayo guda,
muna lakata kamar turaren aro,
mu ɗaure da leda bayan sallar asuba,
kafin keke ya wuce Biritish
wurin ya zama ba nawa ba.
Sati biyar ya ƙare. Ba mu sake ba.

Sai rannan ta zauna bakin gado ta ce:
daga yau rami ɗaya za mu riƙa bi,
hannu ɗaya, karkata ɗaya,
har nama ya saba ya bar hanya,
sannan mu koma allura mai dakusasshen baki.
Sharaɗi, sabulu da ruwa, kuma ɓawon ni zan cire, ban da farcenka.
Na ce, ai ƙofar maɓalli kike nufi!
In ka yanka ka daje bakinta,
shekara goma maɓalli na shiga, riga ba ta kuka.
Ta yi dariya har hularta ta goce,
wai a littafinsu ma sunan ke nan.

Don kada wani hannu ya ɓata layi
ta ɗage hutunta na Kirsimeti.
Wannan a bakin mai shara na ji.

Jiya an kawo wani yaro gadon kusa da taga,
Nenfot, ɗan makarantar koyon aikin gona,
idonsa a kan tire kamar ya ga maciji.
Na miƙa masa rabin ƙanƙarata,
na ce, kada ka kalli hannunta, kalle ni,
wa ya yi maka wannan aika-aika a wuyan riga?
Yana cikin kare telansa aka gama.

Da yamma na buɗe shago.
Injin can ya sha awa huɗu, nawa na jira.
Na ɗauki hannun rigar wani,
kafin in saukar da allura
na tsinci yatsana yana shafa wurin.